Hular da Na Karya Gaba a Tamale

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ya ce, "Tanimu, yaya Gana?" Wancan ya ce, "Wai da gaske mata ke tuƙa babur?" Shi kuwa Isuhu mai walda ba ruwansa da labari, tsaraba kawai yake bi. Na gaji da ba ku guntu-guntu kowa ya je ya ƙara nasa gishiri. Jiya a wurin mai shayi har na ji ana cewa wai an ɗaure ni a can don na zagi sarki. Ƙarya ce. Ba wanda na zaga, ba wanda ya ɗaure ni. Hula ce na karya ta inda bai kamata ba, kuma saura ƙiris ta raba gwaggona da wurin neman abincinta. Ku zauna ku ji daga bakin mai ita, in ya so ku shafa mini lafiya.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai zanen manyan motoci ne a nan garejin Funtuwa, shekara ashirin da 'yan kai. Duk zakin da ka ga yana hararar ka a bayan gingimari a hanyar Zariya, in ba nawa ba ne, to na wanda ya kwaikwaye ni ne.

Ina da gwaggo a Tamale, Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina. Tun ban yi wayo ba ta auri wani mai fataucin shanu ya tafi da ita can, daga baya ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rahinatu. Ita Rahinatun malamar zane ce a wata makarantar sakandare. Taubashiyata ce, don haka tun da muka samu lambar juna ba abin da muke yi a waya sai tsiya. Amma ranar da ta kira ni kan wannan magana ba wasa a muryarta.

Ta ce, "Bra Tanimu," haka suke kiran yaya a can, "za a tashi Mma daga wurinta." Mahaifiyarta take nufi.

Ta yi mini bayani. Shekara talatin Gwaggo na sayar da koko da ƙosai a gindin bangon wani tsohon sito, a wani lungu cikin unguwar Aboabo. Da can lungun hanyar tasha ce, cike da maɗinka. Da aka ɗauke tashar aka kai wani wuri, sai ƙafa ta ɗauke. Maɗinka suka watse ɗaya bayan ɗaya, mutane suka mai da wurin juji da makewayi. Mai siton, wani dattijo Badagombe da ake kira Mba Ziblim, ya ce ya gaji, zai ba masu buga bulo hayar gaban bangon. In suka jibge yashinsu, Gwaggo ba ta da wurin dasa murhu. Rahinatu ta yi ta roƙo har ya ba ta wata guda. Za ta sa a zana bangon, in jama'a sun dawo lungun ya bar tsohuwa, in ba su dawo ba shi ke nan.

Na ce, "Ke 'yar Gana, yaushe fenti ya fara kawo ciniki? In yana kawowa da ni ne mai kuɗin Funtuwa."

Ta ce, "Kai dai ka zo. Ɗalibaina sun iya takarda, bango mai tsawon mota biyu sai irinku."

Gaskiya ban yarda da dabarar ba. Abin da ya tashe ni biyu ne: gwaggo gwaggo ce, sannan ina son in ga wane irin gari ne da mutum zai yi tunanin tayar da mataccen lungu da buroshi.

Na kama hanya ta Gusau da Jega har Tsamiya, inda aka tsallaka cikin Benin. Ban ɗauki fenti ba, amma na ɗauki buroshina, don ba na aiki da na aro. Su suka fara jawo mini magana. A wani shingen bincike wani jami'i mai tumbi ya zazzage jakata, ya ga sanduna masu gashi fiye da ashirin naɗe cikin tsumma. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Faransanci. Wata mai tallan lemo ce ta shiga tsakani. Ta ce yana cewa in da gaske ni mai zane ne in zana shi. Na karɓi biro da bayan kwali, kan ka ce kwabo na fito da shi, amma na rage masa tumbin da kusan rabi. Ya duba, ya shafa cikinsa, ya kira abokan aikinsa suka yi ta dariya. Har lemo ya saya mini.

Motar da ta kai mu Kandi ƙaramar Fijo ce ta mutum biyar, mu goma a ciki, ban da akuya a but. Daga nan sai Faraku, sai Zugu. Da na ji sunan Zugu sai na tuna kakana. Bafatake ne, ya sha ba mu labarin yadda suke yada zango a Zugu da jakuna a hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Ina yaro na ɗauka garin tatsuniya ne, ashe ga shi da tasha da masu cajin waya. Na sauka a zango gidan wani mai masauki, ya ba ni tabarma da sakwarar doya da miyar gyaɗa. Da na ce masa kakana ya bi ta nan, ya ce, "Duk Bahaushen da ya sauka a gidan nan haka yake faɗa."

A Kara ta ƙasar Togo na yi abin kunya. Direba ya ce ƙarfe bakwai za mu tashi. Bakwai ta yi a agogona ba direba ba alamarsa. Na tsaya tsakiyar tasha ina ta sababi, ina cewa mutanen nan ba su san darajar lokaci ba. Wani tsoho ya kama hannuna ya dubi agogon, ya ce, "Ɗan Najeriya, agogonka ne ke gaggawa. Nan yanzu shida ta yi." Ashe daga Togo zuwa Gana awa guda suke bayanmu. Bakwai ɗinsu na cika sai ga direba.

Muka shiga Gana ta Tatale, aka duba katin rigakafi aka buga hatimi, muka bi ta Yandi, muka isa Tamale da la'asar sakaliya.

Masu tambayar mata da babur, ga amsarku. Ina tsaye a tasha ina raba ido sai ga babur ya ci burki a gabana, mai tuƙin sanye da hijabi har ƙasa. Ta ce, "Bagidajen Funtuwa, hau mu je." Rahinatu ce. Na duba hagu na duba dama ko akwai wanda ya san ni. Na ce ta sauko in tuƙa. Ta ce, "Ka san hanya?" Haka na ɗare bayan mace rungume da jaka, ina ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya ko kalle ni. Can na ga wata tsohuwa da ta girmi Gwaggo ta wuce mu a guje da buhun masara a baya, sai na ɗago kaina.

Gwaggo na ganina ta fashe da kuka, ta ce kamar an tsaga kara da yayanta. Hausarta ta koma irin tasu, mace ma "ya zo" ake ce mata, amma zagin da ta yi mini kan rashin zumunci na Funtuwa ne tsantsa. A gidan Rahinatu da ke Kalpohin aka ba ni ɗaki. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo. Tuwon nasu ya fi namu laushi, ga ɗan tsami-tsami, kusan shan sa ake yi. Da safe kuma shinkafa da wake ce ja wur, suna ce mata wace, a zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi. Na ce wannan abincin mutum huɗu ne aka haɗa a ganye ɗaya, amma ban rage ko ƙwara ba.

Gaisuwarsu ma sai da na koya. Ka ce wa Badagombe "dasiba" da safe, ya ce "naa". Duk abin da aka tambaye ka, gida, aiki, gajiya, amsar dai "naa". In babba ne kuma sai ka rusuna har ƙasa kana amsawa. Na ce wannan yare da sauƙi yake, na iya rabinsa a yini ɗaya.

Kafin ta kai ni lungun, Rahinatu ta zaga da ni unguwar Sakasaka don ta toshe mini baki. A wata kwana ta nuna mini wani ƙaton zabo da aka ƙera da tsofaffin ƙarafan keke, ya fi ni tsawo. Gashinsa sarƙa ce, idonsa ƙararrawa. Ta ce da can bola ce a wurin. Yanzu ga mai shayi, ga mai gasa masara, ga yara na ɗaukar hoto, ga masu Keke Napep, da suke kira yalo-yalo, sun mai da wurin tasha. Ina tsaye wata mata ta tare ɗaya ta ce, "Kai ni Zabo." Na tambayi mai shayin ko zabon ne ya kawo shi. Ya ce, "Ni ban san zabo ba. Na ga mutane na tsayawa, na kawo tebur." Wannan magana ta zauna mini a rai, sai dai ban faɗa wa Rahinatu ba, kada kanta ya kumbura.

Lungun Gwaggo kuwa, wallahi da na shiga sai da na toshe hanci. Shaguna a rufe, kwata ta toshe, bango ya yi baƙi daga ƙasa saboda fitsari. Can ƙarshe ga tsohuwa ita kaɗai da kaskonta, ƙosai na hucewa a kwando. Raina ya ɓaci ƙwarai. A bakin lungun, daidai inda bangon ke kallo, akwai wani gida mai zagayayyen zaure. Rahinatu ta ce gidan sarkin unguwar ne. Na ji, amma ban riƙe ba.

Mba Ziblim ya zo da hantsi. Dogo ne, marar yawan magana, sanye da fugu, wato rigarsu ta saƙi mai faɗin ƙasa. Na rusuna na yi ta "naa" har inda ba a tambaye ni ba. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, mahaifinsa za a zana, don shi ya gina siton, kuma shi ne babban maɗinkin fugu na lungun a zamaninsa. Ya zaro wani ɗan hoto baƙi da fari daga aljihu. Fuskar ta fito sarai, amma gara ta cinye saman hoton. Bakin hula kawai ake gani a goshi.

Ya ce, "Za ka iya?"

Na ce, "Baba, wanda ya zana zaki bai taɓa ganin zaki ba?"

Kwana uku muka yi muna kwashe shara da kankare bango, mu da ɗaliban Rahinatu da matan lungun. Sannan na kafa tsani. Kun san halina a gareji, ba na son a ga aikina yana ɗanye. Ko mai mota ba ya leƙa zakinsa sai na gama. Haka na yi a can, na sa aka rataya tampol ya rufe wajen kan tsohon. Rahinatu na fama da jarrabawar makaranta, sai yamma take leƙowa, in ta ce za ta ɗaga tampol in kore ta. Na zana shi zaune da allura a hannu, fugu shimfiɗe a cinya, kowane zare da launinsa. Da na zo kan hula sai na tsaya. Hularsu doguwa ce mai laushi, ana kwantar da kanta gefen da aka so. Na ga masu kwantar da ita dama, na ga masu hagu. Amma ranar da na iso na ga wani saurayi a kan babur ya karyo tasa gaba, ta yi masa kyau ƙwarai. Ni kuma duk jarumin da na taɓa zanawa a mota gaba nake karya masa hula. Ban tambayi kowa ba, na karyo wa tsoho ita har kusan gira.

Ranar Litinin da safe aka taru za a buɗe. Na ja igiya tampol ya faɗi, na juyo ina jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Wata mata ta dafe ƙirji. Rahinatu ta ce, "Innalillahi! Bra Tanimu, me ka yi?" Mba Ziblim ya dubi bangon, ya waiga ya dubi zauren sarki, ya sake duban bangon. Da Hausa ya yi maganar don in ji da kyau.

"Ubana ya yi shekara tamanin bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Yau ya mutu ka sa shi yana faɗin abin da bai faɗa ba. Kafin Juma'a a shafe shi da farar ƙasa. Ladi kuma ya nemi wani wuri."

Ya juya ya tafi. Rahinatu ta ja ni gefe tana magana hawaye na zuba. Ashe a wurinsu hula magana take yi. In ka kwantar da ita gefe, kana cewa kai mai son zaman lafiya ne. In ka mai da ita baya, kana cewa akwai jama'a a bayanka. In kuwa ka karyo ta gaba, cewa kake ba ka da na biyu, duk wanda ya isa ya fito. Ba mai shiga gaban sarki da irin wannan hula. Ni kuma na ɗauki maɗinki na ba shi tsawon mutum uku, na kafa shi yana kallon ƙofar sarki da ita dare da rana.

Na ce, "To saurayin da na gani a babur fa?"

Ta ce, "Shi ka ga ya tsaya a ƙofar sarki?"

Na dubi Gwaggo, sai juya ƙosai take yi wanda ya riga ya soyu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na taso tun daga Funtuwa in gyara, ga shi wata gudan da aka ba ta ma na datse shi.

Aka ce sai an je an ba sarki haƙuri. Muka sayi goro, wani dattijon maɗinki mai suna Afa Seidu ya shige mana gaba. Su sarakunansu ba a kan karaga suke zama ba, a kan fatu ne. Na tuɓe takalmi da hula, na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Afa Seidu ya yi dogon bayani da Dagbanci. Sarkin ya saurara, ya yi murmushi, ya ce da Hausa, "Baƙo ko da ido makaho ne. Na san tsohon, ba halinsa ba ne. Ni ban riƙe ba. Amma bangon ba nawa ba ne, uban ma ba nawa ba ne."

Wato dai magana ta koma hannun Mba Ziblim.

Washegari na same shi zaune a ƙofar sito. Labari ya riga ya zaga Aboabo, lungun da ba ya ganin mutum goma a yini ya cika da 'yan kallon hula. Wannan ya ƙara masa haushi. Na rusuna a gabansa na ce, "Baba, na yi laifi, kuma girman kai ne ya ja mini, da na yi tambaya da ban ɓata ba. Zan shafe kamar yadda ka ce. Abu ɗaya nake roƙo. Kada in rufe shi da ƙarya a kansa. Faɗa mini yadda yake sa hularsa in gyara, ko na yini ɗaya ne, sannan in shafe."

Ya ɗaga kai ya dubi bangon. Can ya ce, "Dama." Afa Seidu ya ce, "A'a, hagu." Wani tsoho mai gyaran keke ya rantse dama ce. Musu ya kaure, kowa na nuna yadda ya tuna da tasa hular. Na lura Mba Ziblim ya daina sa baki, yana ta kallon ɗan hoton nan da gara ta ci. Daga baya na ji cewa ƙuruciyarsa duk a Kumasi ya yi ta, sai bayan rasuwar tsohon ya dawo gida. Mutumin nan bai tuna ba, kuma abin ya yi masa ciwo.

Sai muka ji murya daga bayan hayaƙi.

"Baya ne."

Gwaggo ce. Ba ta ko ɗago daga kaskon ba. Ta ce, "Kullum gefe yake sa shi, wani lokaci dama wani lokaci hagu, duk kun yi gaskiya. Amma ni ranar da na san shi baya ne. Maigidana ya rasu, na fita takaba, ga Rahinatu a goye, ba dangin uwa ba na uba. Na ɗaure kayana zan koma Najeriya. Na biyo ta nan zan je tasha ina kuka, tsohon yana ɗinki a wurin nan da kake zaune, Mba Ziblim. Ya kira ni ya tambaye ni, na faɗa masa. Ya ce me na iya, na ce ƙosai. Ya nuna gindin bangon nan. Na ce, Baba, ni ba ni da kowa a garin nan. Sai ya sa hannu ya juya hularsa baya, ya ce, to daga yau kina cikin na bayana."

Ta kwashe ƙosan ta zuba a kwando. Rahinatu ma ashe ba ta taɓa jin wannan labari ba.

Mba Ziblim ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago bai dubi kowa ba, ya ce, "Gyara."

Kafin azahar na mai da hula baya, kuma wannan karon ba tampol, kowa na kallo yana gyara mini. Ina saukowa daga tsani sai Afa Seidu ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Ɗan Najeriya, ka fitar da shi daga fitina ka sa shi cikin ƙarya. Hula ta ce akwai jama'a a baya, ga bayansa fayau ba ko kaza."

Aka yi dariya, har Mba Ziblim ya ɗan murmusa. Afa Seidu ya tafi gida ya dawo da hoton yayansa, wanda a hannun tsohon ya koyi ɗinki. Mai gyaran keke ya kawo na mahaifinsa. Juma'a ta zo ta wuce ba wanda ya ambaci farar ƙasa, ni ma ban tuna wa kowa ba. Kullum na iso sai in tarar da masu jira da hotuna a cikin leda. Akwai waɗanda suka ce su addininsu bai ba su a zana fuskar mamacinsu ba, na ce ba gardama. Wani na zana masa keken ɗinkin ubansa, wata na zana mata ƙwaryar nonon kakarta, Bafulatanar da ke kawo nono lungun tun daga bayan gari. Ɗaliban Rahinatu suka karɓi ƙasan bango suna cike shi da zanen saƙar fugu.

Ga abin da na gani da idona, ba ji na yi ba. Mutum ba ya fitsari a ƙarƙashin hoton ubansa, kuma ba ya barin wani ya yi. Ba wanda ya rubuta gargaɗi, amma warin ya tafi. Wanda ya zo nuna wa 'ya'yansa kakansu sai ya sha koko. Gwaggo da ke jiƙa mudu biyu na wake ta koma tana aikawa a ƙaro. Afa Seidu ya buɗe tsohon shagonsa ya kakkaɓe yanar gizo, wai don ya riƙa gadin yayansa, sai ga shi da keke yana ɗinki. Wani mai shayi ya kawo tebur. Ban ce lungun ya koma kamar zamanin tasha ba, shaguna da yawa har na taho a rufe suke. Amma na ji wani ya tare yalo-yalo a bakin kasuwa ya ce, "Kai ni Hula."

Wuri ɗaya na bari ba zane, daidai bayan kafaɗar tsohon. Na ce na Gwaggo ne. Ta ce, "Kul! Fuskata ba ta hawa bango ina raye." Na ce to na ji. Na zana ta ta juya baya, da ɗankwalinta mai ruwan goro, da goyo, tana sunkuye kan kasko. Duk wanda ya gani ya san ko wace ce. Ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce na yi mata ƙugu ya yi faɗi.

Ranar da wata ya cika ina wanke buroshi sai ga tifa ta toshe bakin lungu, cike da yashi. Mai buga bulon ne ya zo kama wuri, tun da ba wanda ya ce masa an fasa. Mu ma ba wanda ya ce mana. Gwaggo ta ajiye matsami ta miƙe tsaye tana goge hannu da zani. Rahinatu ta riƙe hannunta.

Mba Ziblim ya taso daga ƙofar sito a hankali. Ya gaisa da mutumin, suka yi ta "naa" kamar ba za su gama ba. Sannan ya kama hannunsa ya jawo shi gaban bango. Ya nuna tsohon ya ce, "Ka san wannan?"

Mutumin ya ce, "Mahaifinka ne."

Ya nuna mai ɗankwali ruwan goro. "Wannan fa?"

Mutumin ya dubi bangon, ya dubi Gwaggo, ya ce da irin Hausarsu, "Ga shi nan tsaye."

Mba Ziblim ya ce, "To ka gani. Shi ya sa shi a bayansa tun ina Kumasi. Ni wane ne da zan cire shi? Ka yi haƙuri, kai yashinka wani wuri."

Tifa ta yi baya tana ƙara. Gwaggo ta koma ta zauna a kujerarta, ta ja gefen ɗankwali ta share ido, ta ɗauki matsami. Sai ta harare ni ta ce, "Kai kuma ka tsaya kana kallona, mai zai ƙone. Miƙo mini ƙullun nan."